Wa Ya Ga Jerin Sunayen? Tallafin Gwamnati Daga Abuja Zuwa Diggi

Ranar rabon tallafi a gari irin Diggi, cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, ba ta buƙatar sanƙira. Tun kafin a sallame asuba labari ya gama zaga unguwanni cewa mota ta kwana a Kalgo, yau za a raba. Kafin hantsi filin makarantar firamare ya cika. Mata suna zaune a inuwar dogon yaro, kowace da takardar NIN a naɗe cikin leda, an ƙulle ta a bakin mayafi kamar kuɗin cefane. Tsofaffi sun jingina da bangon aji, samari sun jera babura suna jiran wanda zai ce a kai masa buhu gida. A tsakiya akwai tebur ɗaya, a kansa akwai takardu, kuma mutum ɗaya ne ke iya ganin abin da ke cikinsu. Yana kira, ana amsawa, ana dangwala yatsa a tawada. Kafin azahar buhu ya ƙare, amma rabin filin bai motsa ba.

A nan ne wata tsohuwa kan matso ta ce, "Ɗana, duba mini da kyau. Bara anka rubuta ni, har hoto anka ɗauke ni." Shi kuma ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba: "Inna, ki yi haƙuri, sunanki bai fito ba. Daga sama anka turo shi haka."

Wannan "daga sama" ita ce matsalar tallafi a Najeriya. Mai tebur zai iya kasancewa da gaskiya, zai iya kasancewa maƙaryaci, kuma babu wanda ke filin da yake da hanyar bambancewa. Ba wanda ya san buhu nawa aka ware wa mazaɓar tun daga Birnin Kebbi, ko sunaye nawa ke cikin jerin na asali, ko wanda ya sa hannu ya ce ga waɗanda suka cancanta. Inda aka ɓoye waɗannan abubuwa uku, sata ba ta buƙatar dabara.

1. Yadda tsarin yake a takarda

A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haɗa shirye-shiryen tallafi a ƙarƙashin inuwa ɗaya da ake kira NSIP. Huɗu ne: N-Power na matasa masu digiri da aka riƙa biya naira 30,000 a wata, ciyar da ɗaliban firamare, inda da farko aka ƙiyasta naira 70 kan kowane yaro a rana, ƙananan rance irin TraderMoni mai farawa daga naira 10,000, sai tallafin kuɗi ga gidaje mafiya talauci, naira 5,000 a wata, wanda aka riƙa haɗa na wata biyu a biya 10,000. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 500 a shekarar don gina tsarin, ya ƙara amincewa da wasu miliyan 800 a ƙarshen 2021. Kuɗin Abacha da Switzerland ta dawo da su a Disamba 2017, sama da dala miliyan 320, su ma an amince a zuba su cikin wannan tallafin na gidaje. A Agusta 2019 aka kafa Ma'aikatar Jin Ƙai, aka mayar da shirye-shiryen hannunta, Sadiya Umar Farouq ta zama ministarta ta farko.

Ƙashin bayan tallafin gidaje shi ne rajistar talakawa ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke riƙewa a Abuja, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ke tattara sunaye. Ƙa'idar shiga rajistar, in an bi ta, tana da kyau. Jami'ai su zo gari, su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake nufi da talaka a garinsu, ya kuma lissafa gidajen da suka dace da wannan siffa. A haɗa jerin uku a daidaita su a gaban kowa. Daga nan masu ɗaukar bayani su bi gida gida suna tambaya: rufin ɗaki na kwano ne ko na kara, akwai dabbobi, mutum nawa ke ci a tukunya ɗaya. Kwamfuta ta auna amsoshin ta jera gidajen daga mafi ƙunci zuwa mai dama-dama.

Abin lura shi ne jama'a suna cikin aikin a matakin farko kaɗai. Da zarar sunaye sun bar gari, sun shiga duhu. Ba a dawowa a karanta wa mutane abin da kwamfuta ta fitar, ba a liƙa shi a ko'ina, kuma shekaru sukan wuce ba a sabunta shi ba. A tsakanin nan wasu sun rasu, wasu sun ƙaura, wanda yake da shanu biyu ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa ya sayar da su, matar da take ƙarƙashin miji ta zama bazawara da marayu biyar. Talauci yana tafiya, rajista tana zaune.

2. Lissafin buhu

Kafin a kai ga ɓarawo, akwai wani lissafi da ba a cika yi wa mutane ba. A Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da aika tirela 20 na shinkafa ga kowace jiha da Abuja, kowace tirela da buhu 1,200 masu kilo 25. Kason Kebbi ke nan buhu 24,000. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225. In aka raba daidai wa daida, ba a cire ko ƙwaya ɗaya don kowa ba, kowace mazaɓa za ta tashi da buhu 106 da ɗan ɗoriya. Diggi mazaɓa ce guda cikin goma na Kalgo, tana da unguwanni da ƙauyuka da rugage, gidajenta dubbai ne. Buhu ɗari da shida a irin wannan wuri, ko waliyyi aka ba rabon sai ya sha zagi.

Wannan lissafin yana da kaifi biyu. Yana nuna cewa wani ɓangare na zargin da ake yi wa masu rabo zalunci ne, domin abin tun asali bai kai ba. Yana kuma nuna dalilin da ya sa maras gaskiya yake son a bar adadin a ɓoye. Mutanen da suka ji a rediyo an ce "tirela ashirin" suna zaton abin ya ishi kowa. Mutanen da suka ga buhu 40 a filin makaranta ba su da yadda za su san ko 106 ne aka aiko. Mai gaskiya yana shan zargi a banza, maras gaskiya yana fakewa a bayansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin yake da kuɗi. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, an fara maganar naira 8,000 a wata ga gidaje miliyan 12, aka yi ca a kai, aka janye. A Oktoba 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Ko an biya kowa ba tare da tangarɗa ba, za a bar miliyoyin mabuƙata a waje. Don haka tambayar wa aka zaɓa, da wane ma'auni, ita ce gaba da komai.

3. Ƙofofin da ake bi

Satar tallafi iri-iri ce, kuma kowace tana da inda take kwana.

Ta farko tana wurin rubuta suna. Ana ware "kason shugabanni" kafin a zo kan talaka: kaza na jam'iyya, kaza na masu faɗa a ji, kaza na waɗanda suka yi wahalar kamfe. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Waɗannan mutane ne na gaske, suna da NIN na gaske da asusun banki na gaske, abin da ba su da shi kawai shi ne cancanta. Babu na'urar da za ta kama su.

Ta biyu ita ce sunayen bogi: matattu da ba a cire ba, mutum ɗaya da ya fito sau uku da ɗan bambancin harafi, ɗaliban da babu su a aji amma ana karɓar kuɗin abincinsu. Ita ce gwamnati ta fi yawan magana a kai, saboda ita ce ta fi sauƙin magani.

Ta uku tana wurin biya, kuma ita ta fi cin rai domin a gaban mai haƙƙi ake yin ta. An turo 25,000, wani ya ce a ba shi 5,000 na goro tunda shi ya sa sunan. Katin cire kuɗi yana hannun "kodineta" tare da lambar sirri, wai don ya sauƙaƙa wa matan da ba su iya ba. Shi ke cirewa, shi ke miƙa abin da ya ga dama. Mai POS ya yanki nasa. Matar da ba ta karanta saƙon banki ba za ta taɓa sanin abin da ya shigo ba, sai ta karɓi 15,000 ta yi godiya har da addu'a. A gefe kuma ga 'yan damfara da ke sayar da fom ɗin da gwamnati ba ta taɓa bugawa ba, ko su kira a waya su ce a faɗa musu lambar da banki ya turo domin a "buɗe" tallafi, su kwashe ɗan abin da ke asusun.

Ta huɗu ita ce ta kaya: taki, iri, hatsi. A nan sata tana da matakai kamar tsani, kowane mataki yana rage wani abu, sai a ga buhu mai tambarin "ba na sayarwa ba ne" a kasuwa an juye shi a wani buhun. Ko kuma a ajiye kaya a sito ana jiran ranar da wani babba zai samu lokacin zuwa a ɗauki hoto. Abin da ya faru a Oktoba 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama, daga irin wannan ajiya ya samo asali. A Maris 2024 an ga makamancinsa a Bayan Kara cikin Birnin Kebbi. Fasa sito laifi ne, kuma mai ƙarfi ne ke cin moriyarsa, gurgu da tsohuwa ba su samun komai. Amma ruwa ba ya tsami banza: mutanen da ba a gaya musu abin da ke cikin sito da ranar da za a fitar da shi ba, jita-jita ce za ta gaya musu.

Adalci ya sa a ambaci ta biyar, wadda take ɓangaren masu karɓa. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shi a Nuwamba 2015, kuma ya taimaka wajen ɗaga noman shinkafa a jihar. Amma an samu waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun zama manoma a takarda, an samu waɗanda suka sayar da taki da injin ban ruwa a ranar da suka karɓa, da masu cewa rancen gwamnati rabonsu ne na arzikin ƙasa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

4. Janairu 2024

A farkon Janairu 2024 aka dakatar da Halima Shehu, shugabar NSIPA, hukumar da ke kula da shirye-shiryen NSIP, bisa zargin fitar da biliyoyin naira daga asusun hukumar. Ranar 8 ga watan aka dakatar da ministar Jin Ƙai ta lokacin, Betta Edu, bayan wata takarda ta fito inda ta nemi a tura naira miliyan 585 na tallafin marasa galihu a jihohi huɗu zuwa asusun wata ma'aikaciya na ƙashin kanta. Ofishin ministar ya ce hakan bai saɓa ƙa'ida ba. Akanta Janar ta ƙasa ta ce ofishinta bai biya ba. A daidai lokacin EFCC tana yi wa Sadiya Umar Farouq tambayoyi kan zargin naira biliyan 37, zargin da ta musanta. Daga baya EFCC ta ce ta ƙwato kimanin naira biliyan 30 a binciken ma'aikatar. Hukunci na kotu ne, kuma zargi ba tabbaci ba ne.

Abin da ya shafi mutumin Diggi shi ne matakin da ya biyo baya. Ranar 12 ga Janairu aka dakatar da dukkan shirye-shiryen huɗu, da farko na mako shida, amma jiran ya zarce haka nesa. Wannan ya zo ne a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a watannin da rumbu ke fara nuna ƙasa. Waɗanda ake zargi suna gidajensu suna ci suna sha da lauyoyinsu. Wadda aka yanke wa hukunci nan take ita ce bazawarar da ke jiran kashi na biyu na 25,000. Dakatar da shiri dungurungum saboda an yi sata a sama kamar rufe rijiyar gari ne don guga ya ɓata.

Tarihi ya nuna kuma cewa kafa kwamitin gyara ba ya wadatarwa. Abdulrasheed Maina shi aka ɗora kan aikin tsabtace fansho daga 'yan bogi. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara takwas kan halatta kuɗin haram sama da naira biliyan biyu. An ba kura ajiyar nama, kuma babu mai leƙa ta sai bayan shekaru.

5. Abin da NIN zai iya, da abin da ba zai iya ba

Maganin da gwamnati ta dogara da shi tun daga nan shi ne lamba: kada a biya kowa sai yana da NIN, kuma kuɗin ya faɗa kai tsaye cikin asusu ko waya. Wannan ci gaba ne na gaske. Lambar BVN da aka fara a 2014 da tsarin biyan albashi na IPPIS sun tona dubban ma'aikatan bogi. Shirin takin waya na zamanin minista Akinwumi Adesina, daga 2012, ya nuna cewa za a iya tsallake dillalai a kai ga manomi. A Nijar ma, a yankin Tawa, an gwada tura tallafi ta waya a lokacin yunwar 2010, aka ga mata sun huta da doguwar tafiya da dogon layi. Matacce ba ya zuwa a ɗauki hoton yatsunsa, mutum ɗaya ba ya samun NIN biyu cikin sauƙi. Ƙofa ta biyu ta kusa rufuwa.

Sauran ƙofofin suna nan a buɗe, kuma sabuwa ta ƙaru. Wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi kowa rashin takarda. Yin NIN kyauta ne a doka, amma kuɗin mota zuwa inda ake yi, da wuni a layi, da "ba sabis, ku dawo gobe", ba kyauta ba ne. Yatsun da suka shekara hamsin suna dashen shinkafa da surfe sau da yawa na'ura ba ta karanta su. Sannan ga rikicin suna, wanda duk ɗan Arewa ya san shi: a rajista an rubuta Hauwa'u Muhammadu, a NIN Hauwa Mohammed, a banki Kulu Mamman, kuma duk mace ɗaya ce. Kwamfuta ba ta san Kulu ita ce Hauwa'u ba, sai ta jefar da ita cikin 'yan bogi. Ranar haihuwa kuwa wani yaro ne ya ƙirƙira mata a shagon rajista. Layin wayar da aka rubuta na mijinta ne, ko na ɗan maƙwabci, ko an rufe shi lokacin haɗa layi da NIN. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya hana ta kuɗinta, kuma a rahoton Abuja za a lissafa ta cikin nasarorin tantancewa.

Ƙasashen da suka fi Najeriya kayan aiki sun faɗa wannan rami. A Holan hukumar haraji ta ɗora wa dubban iyaye laifin zamba a tallafin renon yara bisa kuskure, ta tilasta musu biyan kuɗin da ba su ci ba, har gwamnati ta yi murabus a Janairu 2021. A Ostireliya wani tsarin kwamfuta ya riƙa aika wa masu karɓar tallafi takardun bashin da babu shi, aka ƙare da mayar da kuɗi da neman afuwa. Duk hukumar da ake auna ƙwazonta da yawan sunayen da ta goge, za ta goge masu gaskiya. An gudu gara an faɗa gidan zago.

6. A karanta a bainar jama'a

Akwai mai gadin da ya fi kwamfuta sanin Diggi, wato mutanen Diggi. Su suka san wanda ya rasu bara, da wanda yake da injin casa amma sunansa yana cikin marasa galihu, da gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da suka rasa shi ne takardar.

An gwada wannan a wurare, kuma sakamakon a rubuce yake. A Uganda bincike ya gano cewa a farkon shekarun 1990 kimanin kashi 13 cikin ɗari kacal na kuɗin gudanarwa da ake tura wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, ta sa makarantu su liƙa nasu a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. A Indunusiya an aika wa masu cin gajiyar shinkafar rangwame kati mai ɗauke da sunansu da adadin da ya kamata su samu, sai abin da ke shiga hannunsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya daga sama ba. A jihar Rajasthan ta Indiya, tun tsakiyar shekarun 1990, ƙauyawa suka fara taruwa ana karanta musu takardun biyan leburori da babbar murya, sai a ji an kira sunan wanda ya shekara da mutuwa wai ya karɓi lada. Daga baya dokar samar da aikin yi a karkara ta 2005 ta mayar da irin wannan zama wajibi. Brazil tana wallafa sunayen masu karɓar tallafin Bolsa Família da abin da aka biya su a intanet.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu, masarautar da Diggi take ciki. Zakkar hatsi a fili ake fitar da ita: kowa ya ga damman da aka ɗaure a gona, kowa ya san ɗaya cikin goma ne, ko ɗaya cikin ashirin in noman ban ruwa ne, don haka mai ƙwange ba ya ɓuya. Malamai kan kawo labarin ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi (SAW) bai ja shi gefe ba, mumbari ya hau ya yi maganar a gaban jama'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu ya riƙe yammacin daula, ya taɓa barin rundunar jihadi saboda ƙyamar yadda son duniya ya fara shiga mutane, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam kan yadda ake riƙon jama'a da dukiyarsu. Masarautar da ta gaji wannan ba ta buƙatar a koya mata daga Rajasthan.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko kunya: Bahaushe yana son rufin asiri, magidanci ba zai so a kira sunansa cikin matalauta a gaban surukansa ba. Gaskiya ne, sai dai ana kiran sunan a filin makaranta ranar rabo ko da ma, abin da ake ɓoyewa shi ne sunayen waɗanda ba sa zuwa filin domin ana kai musu gida. Na biyu tsaro: a wannan zamani na 'yan bindiga ba hikima ba ne a sanar da ranar da kuɗi za su shigo gari. Wannan hujja ce ta ɓoye rana da lambar waya da lambar asusu, ba ta shafi suna da unguwa da adadi ba. Na uku ya fi nauyi: taron gari ma ana iya murɗe shi, talaka ba zai miƙe a gaban hakimi ko kansila ya ce "Ranka shi daɗe, ɗan wane bai cancanta ba", mata ba za su yi magana a gaban maza ba, rugar Fulani da ke nesa da gari ba za a ko tuna da ita ba. Shi ya sa karantawa kaɗai ba ta isa. Sai an yi zaman mata daban kamar yadda ƙa'idar rajista ta tanada tun farko, an kai jerin har ruga da Fulatanci, an kuma samar da hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba. A yanzu mai rubuta suna, da mai rabo, da mai karɓar koke, sau da yawa mutum ɗaya ne ko 'yan ɗaki ɗaya.

7. Abin da ke hannun Kebbi

Gyaran rajistar ƙasa aikin Abuja ne, kuma gwamnoni da kansu sun ce ba su yarda da ita ba a taron Majalisar Tattalin Arziki na Yuli 2023. Amma wanda ya ce jerin Abuja ba shi da inganci, sai ya nuna nasa. Kayan da ke bi ta hannun jiha da ƙananan hukumomi, na azumi, na ambaliya, na taki, ba sa buƙatar izinin kowa kafin a bayyana su. Ministan Kasafi da Tsare-tsare, Atiku Bagudu, tsohon gwamnan jihar ne. Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ne da ya san darajar allon sanarwa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a ƙasar Kalgo mazauninta yake, cike da ɗaliban da za su iya bin mazaɓu goma suna gwada abin da aka ce an aiko da abin da ya iso. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar hukumar tarayya a rubuce, a ba shi amsa cikin kwana bakwai.

Kira ga Gwamnatin Kebbi da shugabannin ƙananan hukumomi 21: kafin rabo na gaba, a faɗi a gidan rediyon jiha buhu nawa ko naira nawa aka ware wa kowace mazaɓa. A liƙa jerin sunaye a ƙofar hakimi da bangon makaranta mako guda kafin mota ta iso, a karanta shi bayan sallar Juma'a saboda waɗanda ba su karatun boko. Kowane mai suna a ba shi 'yar takarda da ke faɗin abin da zai karɓa, kati da lambar sirri kuma su zauna a hannun mai su. Wanda aka cire a gaya masa dalili, a ba shi wurin da zai kai kuka. Kuɗin wannan aiki a mazaɓar Diggi bai wuce na takarda da gam da batirin lasifika ba.